Yadda za ka toshe kiran masu takura da 'yan damfara a wayarka

Kafin ka shiga saitin waya, tsaya ka tantance irin kiran da ke damunka, don kowanne da ƙofar da yake shigowa. Wani mutum ne da ka sani, lambarsa ɗaya ko biyu, ya mayar da kiranka kamar aikin albashi. Wani kuma ɓoye lamba yake yi, ka ɗauka ka yi ta sallama, ba ka jin komai sai numfashi. Akwai na talla, wanda da ka ɗauka sai ka ji muryar da aka naɗa tana cewa ka danna 1. Akwai ɗan damfara mai canza layi kamar riga. Sannan ga na WhatsApp, da lambar wata ƙasa da ba ka da kowa a cikinta.

Wurare uku ake tare kira: a cikin wayar kanta, a wajen kamfanin layi, ko a cikin manhajar da kiran ya biyo. Yawancin masu cewa "na yi masa bulokin amma har yanzu yana samuna" ƙofar gaba suka kulle, alhali ta baya mutumin yake shigowa.

Sunayen wuraren da za a danna an bar su yadda suke a fuskar waya, wato da Turanci. Wanda wayarsa ke kan Faransanci, kamar yawancin mutanen Nijar da Kamaru da Chadi, zai ga Paramètres a madadin Settings, Bloquer a madadin Block. Kuma sunayen kan ɗan sauya daga wata waya zuwa wata. In ka nema ka rasa, buɗe Settings ka rubuta block a wurin bincike da ke sama, zai fito maka da wurin.

Idan lambar ɗaya ce kuma ka san ta

A wayar Android mai amfani da manhajar kira ta Google, buɗe Phone, shiga Recents, ɗora yatsa a kan lambar ka riƙe har zaɓuɓɓuka su fito, ka zaɓi Block ko Block/report spam. Za ka ga ɗan akwati da ke tambaya ko a kai rahoton lambar. In ɗan damfara ne ko mai talla, bar alamar a ciki. In kuwa wani ɗan'uwa ne kuka samu saɓani, cire alamar, don rahoton yana iya sa lambarsa ta riƙa fitowa da jan gargaɗi a wayoyin mutanen da babu ruwansu da rigimarku.

A Samsung, taɓa lambar, danna alamar "i" da ke cikin da'ira, sai Block. A wasu sai ka fara danna More. Tecno da Infinix da itel kuwa kashi biyu ne: wasu da manhajar Google suke zuwa, wasu da tasu ta gida, inda za ka ga Blacklist ko Harassment Filter a saitin manhajar kira. Redmi na kiransa Blocklist, kuma wanda ke da manhajar kira ta kamfanin yana da wata dama da ba kowa ke da ita ba: ana iya toshe farkon lamba, ta yadda duk lambar da ta fara da waɗannan alƙaluma ba za ta shigo ba. A iPhone, shiga Recents, danna "i" da ke gefen lambar, gangara ƙasa, danna Block Caller. Wannan zai hana kira da saƙo da FaceTime gaba ɗaya. Ko ƙaramar waya mai maɓalli galibi tana da Add to blacklist idan ka danna Options a kan lambar.

Ba a aika wa wanda ka toshe sanarwa, amma zai gane. Ko dai ya riƙa jin layi na cike kullum, ko ta yi ƙara ɗaya ta katse, ko a tura shi wurin ajiye saƙon murya. In mai naci ne, kafin la'asar ya ari wayar abokinsa.

Ga inda aka fi samun matsala. Jerin lambobin da ka toshe a cikin waya yake zaune, ba a kan sim ba. Ka cire sim ɗin ka sa a wata waya, kowa ya dawo, sai ka sake sabon aiki. IPhone ce ke bin mutum da jerinsa zuwa sabuwar waya in dai asusun iCloud ɗaya ne. Na biyu, mutumin da ke da layi biyu ko uku: in daga Recents ka toshe, lambar da ya kira da ita kaɗai ka kama, don haka ka bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Na uku, toshe lamba a manhajar kira bai shafi WhatsApp ko Telegram ko Messenger ko imo ba. Kowacce sai ka shiga cikinta ka toshe shi daban, domin ta intanet kiransu ke bi, ba ta layi ba.

Mai ɓoye lamba

Ɓoye lamba ba wata gwaninta ba ce. Duk wanda ya sa #31# kafin lambarka, in layinsa ya yarda, a wayarka Private number ko Unknown ko No Caller ID za ka gani. Tunda babu lamba, babu abin da za ka ɗora wa yatsa ka toshe. Sai dai ka rufe ƙofar masu ɓoyewa baki ɗaya.

A manhajar Google: Phone, ɗigo uku na sama ko layuka uku na gefe, Settings, Blocked numbers, sai ka kunna Unknown. A Samsung: Phone, ɗigo uku, Settings, Block numbers, sai ka kunna maɓallin da ke sama mai maganar unknown ko private numbers.

Kalmar Unknown ɗin nan tana ruɗar mutane. Ba tana nufin lambar da ba ka ajiye ba, tana nufin kiran da ya zo ba lamba sam. Baƙon da ya kira da lambarsa a fili zai same ka kamar kullum. Kuma ka sani cewa wani lokaci kira daga waje, musamman wanda aka yi ta hanyoyin nan masu araha na intanet, yakan iso ba lamba. Wanda ke da ɗa a Saudiyya ko ɗan'uwa a Libiya ya gaya musu tun da wuri cewa in sun ji layin na katsewa su biyo ta WhatsApp.

Kada wayar ta yi ƙara sai ga waɗanda ka ajiye

Wannan shi ne makulli mafi ƙarfi, kuma shi ne mai jawo asara in ba a yi hattara ba.

IPhone ta zo da Silence Unknown Callers tun iOS 13 a 2019. Yana cikin Settings, Phone. A sababbi kuma Settings, Apps, Phone. In ka kunna, duk lambar da ba ta cikin waɗanda ka ajiye, kuma ba ka kira ta kwanan nan ba, wayar ba za ta yi ƙara ba, amma za ka ga lambar a Recents ka bi ta in ka ga dama. Ɓoyayyar lamba ma a nan take faɗawa. Idan ka kira lambar gaggawa, tsarin yana ɗauke kansa na awa 24 domin masu agaji su iya kiranka. Kafin ka kunna, tabbatar lambobinka a cikin wayar suke. IPhone ba ta karanta lambobin da ke kan sim kai tsaye, sai ka shiga saitin Contacts ka danna Import SIM Contacts. Wanda bai yi haka ba, har mahaifiyarsa baƙuwa ce a wurin wayar.

A Android, hanyar da ta fi tabbas ita ce Do Not Disturb, wanda a sababbin wayoyi yake ƙarƙashin Modes. Shiga Settings, Sound ko Notifications, Do Not Disturb, People ko Calls, ka zaɓi Contacts only, ko Starred contacts in kana so ka taƙaita ga waɗanda ka sa wa tauraro. A nan za ka ga Repeat callers. Bar shi a kunne: duk wanda ya sake kira cikin minti 15 wayar za ta yi masa ƙara, domin mai larura ta gaske ba ya kira sau ɗaya ya haƙura. A iPhone tazarar minti 3 ce. Illarsa ita ce mai nacin ma yana iya gano wannan kafar, amma shi ai ka riga ka toshe lambarsa.

Amfanin Do Not Disturb da ya fi kowanne shi ne ana sa masa lokaci. Ka ce daga ƙarfe 11 na dare zuwa 5 na asuba, iyali da maƙwabta na kusa kaɗai. Ƙararrawar tashin asuba ba za ta fasa bugawa ba matuƙar Alarms na cikin abubuwan da ka bari.

Da rana kuwa, ba kowa wannan makulli ya dace da shi ba. Ɗan kasuwa, tela, mai gyaran mota, mai neman aiki da ya rarraba takardu, mai majinyaci a asibiti, duk arzikinsu ko labarinsu ta baƙuwar lamba yake zuwa. Direban da aka ba saƙonka daga Legas ya iso tasha ya kira sau biyu bai samu ba, zai bar kayan a hannun ɗan kamasho ya juya. Irin waɗannan su tsaya ga na dare, ko su raba layi: ɗaya na sana'a da ake rubutawa a allon shago, ɗaya na gida da ba a ba kowa sai na jiki.

Talla daga kamfanonin layi: 2442

A Najeriya, tun 2016 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta tilasta wa kamfanonin layi su ba mutane hanyar ƙin karɓar talla. Lambar ɗaya ce a kowane layi, kuma kyauta ce. Rubuta STOP ka aika zuwa 2442, a rufe maka tallace-tallace gaba ɗaya. HELP zai kawo maka jerin rukunoni idan akwai wanda kake so a bar maka, misali 1 na banki da inshora, 3 na ilimi, 4 na lafiya, 8 na wasanni, 9 na addini. STATUS zai gaya maka matsayin layinka, a wasu layukan kuma ALLOW ya mayar da kai yadda kake da.

Daga layin da kake so a rufe za ka aika. Mai sim biyu sai ya aika sau biyu, yana lura da sim ɗin da saƙon ya fita ta kai. Kada ka ga talla ta shigo bayan awa ɗaya ka ce bai yi ba, ba shi yini guda, sannan ka duba da STATUS.

Iyakarsa ke nan: talla. Ɗan damfara da ya sayi sim yana kiran mutane ɗaya-ɗaya, 2442 bai san da zamansa ba. Kuma yana da wani ɗan cizo da ba a cika faɗa ba. Makarantu da ƙungiyoyi da ƙananan kamfanoni da yawa suna aika sanarwa ta hanyar tura saƙo ga jama'a da yawa lokaci guda, wadda ita ce hanyar masu talla. Layin da aka rufe gaba ɗaya yana iya daina samun irin wannan saƙo. Alat na banki galibi ta wata hanya yake bi, yana shigowa. Amma in ka lura sanarwar makarantar yara ta ɗauke tun ranar da ka aika STOP, ka san dalili.

Kiran muryar da aka naɗa mai cewa danna 1, kada ka danna komai, ko da ta ce danna 2 don a daina kiranka. Katse kawai. Da dannawar nan ake sa mutum cikin tsarin waƙar kira ko wasan kacici-kacici da ake cirar kuɗinsa kullum ko mako-mako. In kati na zurarewa ba ka san dalili ba, danna *305# ka ga abin da aka sa ka a ciki, ka cire. Idan talla ta ƙi tsayawa, fara kiran kamfanin a 300, ka karɓi lambar ƙorafi ka rubuta. In ba su gyara ba sai ka kira NCC a 622, kyauta, kuma lambar ƙorafin nan ce za su fara tambayarka. Waɗannan lambobi na Najeriya ne kaɗai. Ba sa aiki a layukan Nijar ko Gana.

Rufe duk kira daga wajen kamfani

Akwai ranar da mutum ke son data a buɗe amma kada kowa ya same shi ta layi. Ana yin wannan da lambar hana shigowar kira: *35*0000*11# sannan ka danna kira. 0000 ɗin lambar sirri ce da layuka da yawa ke zuwa da ita in ba a canza ba, 11 kuma na nufin kiran murya kaɗai. Kada ka bar 11 ɗin nan. In ka danna *35*0000# tsura, a wasu layukan har saƙon tes zai tsaya, ka zauna jiran alat ko lambar tabbatarwa ta banki shiru. Buɗewa kuma #35*0000*11#, dubawa *#35#.

In lambar sirrin ba ta shiga ba, kada ka yi ta gwaji. Kuskure uku yana kulle tsarin, sai kamfani ya buɗe. Kira 300 ka tambaya. Haka kuma in akwai tura kira a kan layin, umarnin yana iya ƙin karɓuwa har sai ka share turawar da ##002#. Wannan hanya ba ta zaɓe: da mai takura da mahaifi duk ɗaya ne a wurinta. Kuma mantuwa da ita ce ke sa mutum ya kwana uku yana zagin sabis.

'Yan damfara

A nan ne toshe lamba ɗaya-ɗaya yake zama ɗiban ruwa da kwando. Kiran yakan zo da ladabi:

"Salamu alaikum, Alhaji, barka da rana. Daga ofishin bankinku ne. Ranka ya daɗe, an samu matsala a BVN ɗinku, yau ƙarfe huɗu za a rufe asusun. Yanzu za ku ga wasu lambobi sun shigo, ku karanto mana mu gyara muku."

Yana iya kiran cikakken sunanka, har da ranar haihuwarka. Wannan ba shaida ba ce, irin bayanan nan suna yawo. Banki ba ya neman lambar sirrin katinka, ko lambobin da ke jikin katin, ko lambar tabbatarwa da aka turo maka. Katse, ka kira lambar da ke bayan katinka ko ka taka zuwa reshe. Kada ka tsaya gardama ko zagi. Duk minti ɗaya da ka ba shi yana tabbatar masa cewa layin na hannun mai ɗauka, sai su yi ta miƙa lambarka a tsakaninsu.

Akwai kuma na tsakar dare, mai shaƙe murya ya ce shi aljani ne ko wani bawan Allah da aka nuna masa kai a mafarki, ya ce ka yi alwala, kada ka gaya wa kowa, ka turo kati ko kuɗin sadaka. Dattawa da mata a gida su aka fi hara. Maganinsa bai wuce Do Not Disturb ɗin nan na dare ba, domin ƙarfinsa duka a kan samun mutum cikin magagin barci yake. In kana saita wa Baba ko Inna waya, da wannan za ka fara.

Filashin daga lambar waje shi ma sana'a ce. Ana kiranta wangiri, kalmar Japananci mai nufin ƙara ɗaya a katse. Na'ura ce ke kiran dubban layuka tana katsewa, duk wanda ya bi kiran ya faɗa lamba mai tsadar gaske, ana cirar kuɗinsa minti-minti, su kuma suna samun kaso. Duba farkon lambar: +234 Najeriya, +227 Nijar, +233 Gana, +237 Kamaru, +235 Chadi, +249 Sudan, +966 Saudiyya. Wadda ba ka da kowa a ƙasarta, kada ka bi. Mai nemanka da gaske zai sake kira ko ya turo saƙo.

Mafi haɗari shi ne wanda zai ce ka danna wasu lambobi "don a gyara maka layi" ko "don ka karɓi kyautar data". Duk abin da ya fara da **21* ko **61* ko **62* ko **67* (ko da tauraro ɗaya a farko) sannan lambar waya ta biyo baya, umarni ne na tura kiranka zuwa wannan lambar. Da ka danna, sai ya nemi WhatsApp ta kira layinka ta karanta lambobi shida na shiga, kiran ya tafi wurinsa, ya ƙwace asusunka ya hau roƙon kuɗi da sunanka. In ka riga ka danna, yi maza ka danna ##002#, zai share duk wata turawa. *#21# na nuna ko ana tura duk kiranka wani wuri. Af, saƙon nan da ke yawo cewa *#62# na tona wanda ke sauraron wayarka ba gaskiya ba ne. Lambar da takan fito galibi ta ajiye saƙon murya ce ta kamfanin layinka.

Abin da ke rage irin waɗannan kira shi ne matatar da ke gane lambar da mutane da yawa suka kai ƙara. A manhajar Google, Settings, Caller ID & spam, kunna See caller and spam ID. Na biyun, Filter spam calls, yana hana kiran yin ƙara gaba ɗaya. Mai sana'a ya bar shi a kashe, ya riƙa ganin gargaɗin yana yanke hukunci da kansa. Samsung na da irinsa mai suna Caller ID and spam protection, sai dai ba a kowace ƙasa yake fitowa ba.

Sai Truecaller, wadda kusan kowa ya sani. Kamfanin Suwidin ne, an kafa shi a 2009, kuma sunayen da take nunawa daga jama'a take tattaro su. Shi ya sa take da amfani, shi ya sa kuma ba a rantsuwa da ita. Ɗan damfara na iya yi wa layinsa rajista da sunan sashen kula da abokan hulɗa na banki, wayarka ta nuna maka haka da manyan baƙaƙe. Layin da kamfani ya sake sayarwa kuma yana iya fitowa da sunan mai shi na da. Jan gargaɗinta abin dubawa ne, amma sunan da ta nuna ba hujja ba ne. Ga kuma batun sirri: a 2019 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta Najeriya, NITDA, ta sanar da cewa tana bincikar yadda manhajar ke tattara bayanan 'yan Najeriya. Wanda ba ya son sunansa a ciki zai iya rufe asusunsa a manhajar, sannan ya cire lambarsa a shafin unlisting na kamfanin.

In ka sa ta amma ba ta nuna komai, abu uku ne. Ko ba ka mayar da ita Caller ID & spam app a ƙarƙashin Default apps ba, ko data a kashe take lokacin da kiran ya shigo, ko tsarin tattalin batir yana kashe ta a bayan fage, abin da Tecno da Infinix da Redmi suka yi suna a kai. Nemi Auto-start ka ba ta izini, ka cire ta daga Battery optimization. A iPhone sai an kunna ta a Call Blocking & Identification cikin saitin Phone. Kada ka tara irin waɗannan manhajoji biyu ko uku a waya ɗaya, rigima suke yi a kan wa zai amsa kira, wayar ta riƙa sandarewa daidai lokacin da take ƙara.

WhatsApp

Settings, Privacy, Calls, kunna Silence unknown callers. An kawo shi a 2023. Kiran baƙo ba zai yi ƙara ba, amma za ka gan shi a jerin kira. A nan Privacy ɗin, shiga Groups ka mayar da shi My contacts, domin ta zaurukan da ake jefa mutum ba da izininsa ba ake kwasar lambobi da yawa. Hoton fuska ma a mayar da shi My contacts, musamman ga mata. Idan za ka toshe wani ka haɗa da Report, saƙonninsa biyar na ƙarshe za su tafi wurin kamfanin. Sannan ka shiga Account, Two-step verification, ka sa lambar sirri mai alƙaluma shida. Ita ce ke tare wanda ya samu lambobin shiga ta dabarar tura kira.

Masu bin bashin manhaja, da masu barazana

Wani lokaci ba kai ka ci bashin ba. Wani da ke da lambarka ne ya karɓa a manhajar bashi, ita kuma ta kwashe lambobin wayarsa, aka hau kiranka ana cewa kai ne mai tsaya masa. Ajiye lambarka a wayar wani bai sa ka zama mai lamuni ba. Ɗauki hoton saƙonnin da jerin kiran, rubuta sunan manhajar, sannan ka toshe. Hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ita ke yi wa masu ba da bashi ta manhaja rajista kuma tana karɓar ƙorafi a kansu, haka ma hukumar kare bayanai, NDPC, tana karɓar ƙorafi ƙarƙashin dokar kare bayanai ta 2023. Tun ƙarshen Mayun 2023 Google ta hana manhajojin bashi da ke Play Store neman izinin shiga lambobi da hotuna, don haka wadda aka turo maka ta mahaɗi ko ta Xender, tana buɗewa ta nemi Contacts, ka san inda ta dosa. Cire izinin a Settings, Apps, Permissions yana hana ta ƙara kwasa, amma abin da ta riga ta ɗauka ya tafi.

Barazana kuwa, ta kisa ko ta sace mutum ko ta yaɗa hoto, ba a fara ta da toshewa. In ka toshe nan take, ka yanke wa kanka sanin abin da mutumin ke shiryawa, wata wayar ma ba za ta nuna maka ya sake kira ba. Rubuta lambar da ranar da lokacin kowane kira, kada ka goge saƙo ko ɗaya, kada ka tura kuɗi, ka sanar da wani babba a gida, ka kai wa 'yan sanda. Layukan Najeriya a haɗe suke da NIN, kuma kamfani na da tarihin kira ko da an ɓoye lamba, amma jami'an tsaro yake ba wa, ba kai ba. Lambar gaggawa ita ce 112.

Idan aka fara ce maka "ba ka shiga"

Bayan an gama kulle-kullen nan, wata rana wani zai tare ka a masallaci ko wurin biki ya ce kwana biyu yana nemanka layi na cike. Bi su a jere. Fara duba jerin waɗanda ka toshe, a Blocked numbers ko Blacklist ko Blocked Contacts, domin yatsa na kuskure, yara ma na wasa da waya. Gwada neman lambar da 0 a farko da kuma +234, musamman in ka taɓa toshe farkon lamba, don alƙaluma huɗu kacal na iya rufe miliyoyin layukan kamfani guda. Duba saman fuskar wayar ko akwai alamar jinjirin wata ko da'ira mai layi a tsakiya, wato Do Not Disturb ya zarce lokacinsa. Buɗe Truecaller, tana da nata jerin daban da na wayar. Danna *#35# ka ga ko hanin shigowar kira na nan, sannan ##002#. In duk wannan bai warware ba, cire sim ɗin ka sa a wata waya, a kira ka. Ya shiga, matsalar a wayarka take, sai ka koma Default apps ka mayar da Phone app kan manhajar da wayar ta zo da ita. Bai shiga ba, ta layi ce, sai ka kira 300 da wani layin na kamfanin, ko ka je ofishinsu da sim ɗin da katin shaidarka.